Kujerar Dama: Halin Da Ƙananan Matuƙan Jirgin Sama Ke Ciki

Wannan ita ce laccar da Magatakardan reshe ya yi wa jama'a a bakin kasuwar Gwarzo, ya kuma maimaita ta a Kabo. Mun buga ta yadda ya faɗa.

Iyayenmu dattawa, Alhazai, masu rumfa da masu tebur, da iyayenmu mata da ke can baya, mun gode da kuka bar ciniki kuka tsaya.

Yau maganar jirgin sama muka zo da ita. Mun san wani zai ce, ina ruwan mai sayar da barkono da jirgin sama? To, ruwansa har biyu. A cikinku nan akwai wanda ya shekara goma yana tara kuɗin kujerar Makka, ran da tafiyar ta zo kuwa, ransa yana hannun mutum biyu da ke zaune can a hancin jirgi, sun rufe ƙofa. Akwai kuma iyayen da ke shirin sayar da gona ko bijimai don ɗansu ya zama matuƙi, sabo da an gaya musu aikin nan kuɗi ne tsababa. Dukansu biyu ya kamata su san halin da ƙaramin cikin mutum biyun nan ya ke ciki.

Ƙasar Kano ba baƙuwar jirgi ba ce. Jiragen sama sun sauka a nan tun cikin watan Nuwamba na 1925, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar. Ku mutanen Kabo kuwa ba a ba ku labari. Ɗanku ne, marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air a 1980, jiragensa suka fara tashi a 1981, har aka kai ga sunan garinku yana rubuce da manyan baƙaƙe a jikin Boeing 747 a filin Jidda. Ya rasu a 2002, kamfanin kuma ya daɗe da daina tashi. Amma yaran da suka taso suna ganin sunan nan, da yawansu sun sa wa ransu su ma wata rana za su zauna a hancin jirgi. Ba mu ga laifinsu ba.

A ɗakin tuƙi kujera biyu ce. Ta hagu ta kyaftin ce, mai igiya huɗu a kafaɗa, shi ke da jirgi da abin da ke ciki, shi za a tuhuma in wani abu ya faru. Ta dama ta mataimaki ce, mai igiya biyu ko uku. Kada ku ɗauka karen mota ne, mai ɗaure kaya da sa wa taya waji. Cikakken matuƙi ne mai lasin. Al'adar aikin ita ce su yi karɓa-karɓa: in kyaftin ya tuƙa daga Kano zuwa Ikko, mataimaki shi zai tuƙo ku zuwa gida, kyaftin yana lura da agogai yana magana da masu ba da hanya. Watau ke nan, Alhaji, wataƙila saukar nan mai laushi da ka yaba wa kyaftin, yaro ɗan shekara 25 ne ya yi ta.

Tsakanin kujerar dama da ta hagu bai fi taku ɗaya ba. Amma a wajen ɗan talaka tafiyar shekara da shekaru ce, waɗansu ma har su tsufa ba su ko zauna ta daman ba.

Ga yadda tsanin ya ke. A wannan sana'a ba a tambayar shekarunka nawa a bakin aiki, sai dai awa nawa ka yi a sama. Kowane matuƙi yana da littafi inda ya ke rubuta kowace awa, kamar yadda mai rumfa ke rubuta bashi. Yaro zai shiga makaranta, kamar Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. In ya gama, a ba shi lasin na tuƙi don neman abinci, yana da kamar awa 200 a littafinsa. Babban lasin kuwa, wanda sai da shi a ke zama kyaftin a jirgin fasinja, dokar duniya ta ce sai awa 1,500. Kamfanoni da yawa ma ba su ba mutum kujerar hagu sai ya kai awa 3,000 ko fiye. Ku 'yan kasuwa ne, ku yi lissafi: daga 200 zuwa 1,500 saura 1,300. In yaro ya sami aiki yana tashi kullum, shekara biyu ta ishe shi. In bai samu ba fa? Ba shi da inda zai sayo su, sai dai in ubansa na da abin hayar jirgi awa-awa, wanda ba mu san wani a nan da ke da shi ba.

Ba nan gizo ke saƙa ba tukuna. Lasin da makaranta ta ba shi na ƙaramin jirgi ne, mai kujera biyu ko huɗu. Kowane irin babban jirgi yana da tasa shaidar dabam. Wanda ya iya Boeing 737 ba shi da izinin taɓa Airbus ko Embraer sai ya sake karatu, ya shiga wani akwati da aka ƙera kamar hancin jirgin, mai motsi da girgiza, a yi ta jefa masa wuta da hadari da mutuwar inji na ƙarya har ya ci jarrabawa. Kuɗin wannan shaida dubban daloli ne, galibi kuma sai an fita waje, a biya da dala, a biya masauki da dala. Dā kamfani shi ke ɗaukan wannan nauyi. Yanzu kamfanoni da yawa sai su ce wa yaro, je ka sayo shaidarka ka zo, kuma ka zo da awa 500 a kan irin jirginmu. Jama'a, ina zai samo awa 500 a kan jirgin da ba a yarda ya hau ba sai yana da awa 500? Ko a tatsuniya Gizo bai taɓa gindaya wa Ƙoƙi irin wannan sharaɗi ba.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A zamanin gwamnatin da ta yi mulkin Kano daga 2011 zuwa 2015, an ɗauki matasa 100 na jihar nan an kai su birnin Amman na ƙasar Jodan, da kuɗin jama'a, suka koyo tuƙi. Niyya ce mai kyau, ba mu zo nan don mu kushe ta ba, ba kuma don mu yi wa kowa roƙo ba. Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Sun dawo da lasin a hannu, ba su da shaidar babban jirgi, ba kamfanin da ke jiransu. Waɗansu sun dace daga baya. Da yawa kuwa suka yi shekaru a gida ba su hau jirgi ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Lasin kuma ba kamar takardar gona ba ce da za ka sa a adaka ka manta. Kayan gwari ne, kamar tumatir. Kowace shekara sai likita na musamman ya auna ido da kunne da zuciya, sai an sabunta izinin tuƙi cikin gajimare, duk da kuɗi. Hannun ma yana sanyi. Yaron da ya shekara uku a ƙasa, in kamfani ya kira shi gwaji, wanda ya fito makaranta jiya sai ya kada shi.

To, mu ce yaro ya yi sa'a, babban kamfani ya ɗauke shi. In kamfanin ne ya biya kuɗin shaidar, sai ya sa hannu a takardar ɗauri: zai yi musu aiki shekara kaza, in ya tashi kafin nan ya biya kuɗinsu, ko kuwa a riƙa yanka daga albashinsa wata-wata. Wannan a kansa ba zalunci ba ne. Ku ma in kun ba yaronku jari kuna son ku ga amfaninsa. Inda abin ke ɓaci shi ne in albashi ya makara wata biyu, wata uku, yaron ba shi da ikon tashi, sabo da igiyar tana wuyansa, kamfani kuwa ba igiya a nasa. A waɗansu ƙasashe ma har an kai ga yaro shi ke biyan kamfani don a bar shi ya zauna kujerar dama ya tara awoyi, yana ɗauke da fasinjan da su ma sun biya. A Turai, binciken da Jami'ar Gent ta Beljiyam ta fitar a 2015 ya nuna kusan matuƙi ɗaya cikin shida ba ma'aikacin kamfanin da ya ke tuƙa wa ba ne kai tsaye, ta hannun dillali a ke hayarsa, ko a ce wai shi mai zaman kansa ne, ran da bai tashi ba babu ko anini. Yawancinsu kuwa matasa ne.

Sa'an nan ga wuyar aikin kansa. Jirgin ƙarfe bakwai na safe, matuƙinsa tun kafin asalatu ya ke kan hanya. Zai yi sawu huɗu ko fiye a yini, ga hazon hunturu da ke rufe filin Kano, ga hadarin damina. Doka ta iyakance awoyin tuƙi. A Turai, alal misali, ba a wuce awa 100 cikin kwana 28, ko 900 a shekara. Amma awar da a ke ƙirgawa a nan ta tuƙi ce, zaman jiran jirgin da ya makara da hanyar gida da zuwa duk a jikinsa su ke. Ƙarami kuwa shi a ke ba ranar salla, shi a ke ba jiran ko-ta-kwana. Duk wata shida kuma sai a mai da shi akwatin nan a sake gwada shi, in ya fāɗi sau biyu aikinsa na rawa. Ba mu san wata sana'a a kasuwar nan da a ke yi wa mai ita jarrabawa sau biyu a shekara har ya kai 65 ba.

A manyan kamfanonin Amurka da waɗansu na Turai, ci gaba layi ne. Ranar da aka ɗauke ka ita ce lambarka, da ita za ka zaɓi hutu, da ita za ka hau babban jirgi, da ita za ka koma hagu, ko da za ka jira shekara goma. Amfanin layi shi ne ba a tsallake ka don wani ɗan gidan manaja ne. Aibinsa shi ne in ka bar kamfanin, ko kamfanin ya mutu, sai ka koma ƙarshen layin wani, ko da furfura. A nan ƙasar kuwa kamfanoni ba su cika daɗewa ba balle layi ya yi tsawo. Ina Okada? Ina Chanchangi? Ina Bellview? Ko uwarsu duka, Nigeria Airways, wadda ta samo asali a 1958, ta tsaya a 2003, ma'aikatanta kuwa sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta amince a fitar da Naira biliyan 22 da ɗoriya, rabin haƙƙinsu ke nan, bayan shekara 15, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya suna jira. Da annobar korona ta zo, cikin watan Agusta na 2020, Air Peace ta sallami matuƙa kusan 70, Bristow mai jirage masu saukar ungulu ta sallami matuƙa da injiniyoyi kamar 100. In manya masu dubban awoyi suka cika kasuwa suna neman aiki, wa zai dubi mai awa 200?

Akwai kuma abin da ya shafi jigilar alhazai, wadda muka fi sani a nan. Aikin kaka ne, wata biyu ko uku. Sau da yawa kamfani ba shi da isassun jirage, sai ya yi hayar jirgi daga waje tare da matuƙansa da makanikansa. Jirgi ya zo, ya kwashi mutanenmu, ya kwashi kuɗinmu, ya koma, ba awa ɗaya da ta shiga littafin ɗan Nijeriya. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta ƙasa, NAAPE, ta daɗe tana kuka a kan ɗaukan baƙi alhali 'yan ƙasa na zaune. Mu dai a ganinmu baƙon kyaftin ba abokin gaba ba ne, in an kawo shi don ya koyar, an kuma rubuta ranar da zai miƙa kujera. Wanda aka kawo ba ranar tafiya, shi ne abin tambaya.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damunmu, wanda ya shafi har wanda ba shi da ɗa mai son tuƙi.

Amfanin mutum na biyu a hancin jirgi shi ne ya ce a'a. Don haka aka sa shi. Kyaftin mutum ne, yana gajiya, yana kuskure, yana ɗokin isa gida. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, jirage biyu Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, ɗaya na KLM na ƙasar Holan, wanda dattawanmu suka sani sarai a filin Kano, ɗaya na Pan Am na Amurka. Mutum 583 suka mutu, har yau ba a yi haɗarin jirgi da ya ci rai haka ba. Kyaftin na KLM ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne babban malamin kamfanin a kan irin jirgin, shi ne ma ya yi wa mataimakinsa jarrabawa 'yan watanni kafin ranar. Yana gaggawa kada awoyin aikinsu su ƙare su kwana a hanya. Mataimakin ya tuna masa sau ɗaya cewa ba a ba su izini ba tukuna. Injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya fita daga titi. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Ba wanda ya sake magana. Ashe bai fita ba.

Daga wannan da waɗansu irinsa ne aka shiga koya wa matuƙa a duniya duka cewa ƙarami yana da haƙƙi, kai, wajibi ne a kansa, ya tanka wa babba, in ta kama ma ya karɓe tuƙi. Mu nan an yi mana tarbiyya kada yaro ya ɗaga ido gaban babba, tarbiyya ce mai kyau a zaure. A hancin jirgi kuwa kunya kisa ta ke yi. Amma ku duba, jama'a: koyarwa a aji abu ne mai sauƙi. Yaron da ubansa ya sayar da gona, takardar ɗauri na wuyansa, albashinsa na bara bai gama fita ba, ya san akwai ɗari a waje masu jiran kujerarsa, ya kuma san wannan kyaftin ɗin shi zai rubuta rahoton da za a duba ran ƙarin igiya, da wane baki zai ce a'a? Da wane baki zai buga waya da asuba ya ce bai yi barci ba, ba zai tashi ba?

Amurka ma, da duk arzikinta, sai da ta sha wannan. Ranar 12 ga Fabrairu 2009 wani jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Bafalo, mutum 50 suka mutu. Masu bincike sun ɗora babban laifi a kan yadda kyaftin ya juya jirgin sa'ad da gudunsa ya ragu. Amma da aka tona sai aka tarar mataimakiyarsa, 'yar shekara 24, albashinta bai fi kamar dala 16,000 a shekara ba, abin da ko hayar ɗaki kusa da wurin aiki da ƙyar ya ke biya a can. Tana zaune gidan iyayenta a gaɓar yamma, ta kwana a hanya cikin jiragen kaya ta zo gaɓar gabas ta kama aiki. Iyalan mamatan suka tsaya tsayin daka a Majalisa har aka yi doka a 2010, daga 2013 kuma ba a zama ko mataimaki a jirgin fasinja na Amurka sai da awa 1,500, ban da 'yan rangwame ga waɗanda suka fito soja ko waɗansu jami'o'i. An kuma gyara dokar hutu. Mu dai gyaran hutun ya fi burge mu. Ƙara tsawon tsani ba tare da an sa masa matakai ba, ɗan mai kuɗi ya ke yi wa daɗi.

Ana iya sa matakan kuwa, an yi a nan Afirka. Kamfanin jirgin Habasha ya fara tashi a 1946, Amurkawan kamfanin TWA ke riƙe da shi. Amma tun farko Habashawa suka sa ido a kan ranar karɓa. A 1957 Alemayehu Abebe ya zama kyaftin na farko ɗan ƙasa. A 1964, shekarar da aka kafa tamu ta Zariya, suka buɗe makarantar matuƙa tasu, a 1971 ɗan ƙasa ya zama shugaban kamfanin. Bambancinmu da su shi ne makarantarsu da kamfaninsu gida ɗaya ne. Yaron da kamfani ya zaɓa ya koyar, ya san ƙofar da zai shiga in ya gama, ya san jirgin da zai fara da shi, ya san wanda ke gabansa a layi. Ba mu ce can aljanna ce ba, su ma matuƙansu suna da nasu kukan na gajiya da albashi. Amma tsanin bai karye a tsakiya ba. Ku ma ai haka ku ke yi. Babu ɗan kasuwar kirki da zai riƙe yaro shekara bakwai a rumfa, sa'an nan ya ce masa je ka nemo jari da masu saye ka dawo in ga ko ka iya ciniki.

A ƙasar nan akwai kamfanoni na 'yan Arewa da ke tashi daga Kano, irin su Max Air da Rano Air, akwai hukumar NCAA mai ba da lasin, akwai Hukumar Alhazai da ke raba jigila kowace shekara. Abin da mu ke nema ba shi da tsawo. Duk gwamnatin da za ta sake kashe kuɗin jama'a a kan koyon tuƙi, ta fara ɗaure magana da kamfani a rubuce, kuɗin shaidar babban jirgi yana cikin lissafi, ko da 20 za ta tura maimakon 100. Kamfanin da za a ba jigilar alhazanmu, a tambaye shi ƙananan matuƙa 'yan ƙasa nawa ya ɗauka bara, nawa ya mayar kujerar hagu. Takardar ɗauri kuma ta ɗaure ɓangare biyu, ran da albashi ya tsaya, igiya ta kwance.

Ku kuma iyaye, kafin a kira dillali ya zagaya gonar nan, ku sa yaron ya kawo muku lissafi a takarda har ƙarshensa: kuɗin makaranta, kuɗin shaidar babban jirgi da dala a farashin yau, da kuɗin sabunta lasin na shekara uku in aiki bai zo ba. Ku fara kai shi likitan matuƙa ya auna shi tun ba a biya makaranta ko sisi ba, domin akwai wanda ba ya rarrabe ja da kore bai sani ba sai a ɗakin likita. Sa'an nan ku tambayi makarantar, cikin waɗanda suka gama shekara biyu da suka wuce, mutum nawa ke tashi yau, a wane kamfani. In suka shiga kame-kame, ku naɗe takardarku ku taho gida.

Mai tambaya ya matso kusa, sabo da hayaniyar 'yan awaki ba ta bari mu ji daga nesa.